Me ya sa Barazil suka sa wa jirgin lodin sojansu injin jet, kuma zai yi mana a nan?

Wa alaikumus salam ƙanena, ya karatu, ya mutanen Samaru. Saƙonka ya iso tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa sabida ba tambayar da za a amsa a layi biyu ba ce. Ka ce ka ga bidiyon jirgin nan C-390 na kamfanin Embraer na Barazil, abin ya ɗaure maka kai, wai ya za a yi jirgin lodi na soja ya zo da injin jet guda biyu irin na jirgin fasinja alhali tun tasowarmu C-130 mai farfela huɗu muka sani, ka ce shin dabara ce ko burga ce kawai, kuma zai iya sauka a filin ƙasa bai haɗiye tsakuwa ba, sannan in da Najeriya za ta saya zai yi mana ko ba zai yi ba. To bari in gaya maka yadda nake ganin abin, ni da na fara koyon aikin nan a Aviation, kwalejin koyon aikin jiragen sama ta nan Palladan, na kuma yi shekaru hannuna cikin injin mai farfela da na jet duka.

Da farko akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, shi kanshi C-130 ɗin injin da ke cikinsa ɗan gidan su jet ne. Injin T56 da ke kan C-130H yana zuƙar iska ya matse ta ya ƙona mai a ciki iskar mai zafi ta juya tobin, wato wata fanka mai ganyaye da ke can cikin injin, bambancin kawai shi ƙarfin nan ana bi da shi ta giyabos a juya farfela, shi kuma na C-390 ƙarfin yana juya wata babbar fanka ce da ke cikin rufi a gaban injin. Kai in ka duba da kyau fankar nan ma ai farfela ce aka ƙara mata ganye aka sa mata riga, kuma yawancin turin da ke tura jirgin daga iskar da fankar ke korawa ta gefe yake zuwa ba daga wutar da ke fita ta baya ba. Dan haka mai iri ɗaya suke sha, ƙura iri ɗaya ke cin su, tambayar ita ce wanne ya fi dacewa da irin tafiyar da kake so.

Shi jirgin lodi ba daga injin ake fara zana shi ba, daga cikinsa ake farawa. Ana zama ne da sojoji a ce me za ku ɗauka, nawa ne nauyinsa, nawa ne faɗinsa da tsayinsa, ina za ku kai shi, wane irin fili ne a can. Sai an gama da akwatin nan tukunna a zo a lulluɓe shi da jirgi. Kuma tarihin C-390 ya nuna haka ƙarara, dan lokacin da Embraer suka fara nazarin abin wajen 2006 suka bayyana shi a 2007, niyyarsu su yi arha ne, su ɗauki abubuwa da yawa daga jirginsu na fasinja E-190 su yi jirgin da zai ɗauki wajen tan 19, wato daidai da tsofaffin C-130 da rundunar sojan saman Barazil ke son ta sauya. Da aka zauna da sojan aka jera buƙatu, motar sulke ta shiga, jirgi mai saukar ungulu irin Black Hawk ya shiga, ya ba wasu jirage mai a sama, ya sauka a dajin Amazon, sai aka ga rigar E-190 ta yi masa kaɗan. A watan Afrilun 2009 aka sa hannu a kwangilar ƙera jiragen gwaji guda biyu, kuma abin da ya fito daga baya kusan sabon jirgi ne fil, ya ƙara girma ya ƙara nauyi ya nemi injin da ya fi ƙarfi.

Akwatin da suka tsaya a kai tsawonsa mita 18.5 har da gadar baya, faɗi mita 3.45, tsayi mita 2.95. Iyakar lodinsa tan 26, in kana so ka gane tan 26 to buhun siminti 520 kenan, tirelar da ka saba gani tana hawa gadar Kwangila da buhu 600 saura kaɗan ya kwashe ta duka. C-130H kuma wajen tan 19 zuwa 20 yake ɗauka, buhu 400 ko ƙasa da haka. In mutane ne yana ɗaukan soja 80, in 'yan laima ne sittin da wani abu, in kuma marasa lafiya ne ana jera gadaje 74. Jirgin kansa tsawonsa mita 35 ne da ɗoriya, faɗin fiffikensa ma kusan hakan, in ya cika maƙil da mai da kaya yana kai tan 87.

Daga akwatin nan duk sauran kamannin suka fito, kuma ina so ka koma ka sake kallon hoton da wannan idon. An ɗora fiffike a saman jiki ne dan ƙashin da ke haɗa fiffike biyun kar ya ratsa ta tsakiyar wajen lodi, kuma dan ƙasan jirgin ya sauko kusa da ƙasa yadda mota za ta hau da kanta. Tayoyi ba su da wajen ɓuya a fiffike tunda ya yi sama, shi ya sa ka ga kumburin nan guda biyu a gefen ciki, nan suke shiga, kowane gefe taya huɗu sai biyu a gaba, an yawaita su ne dan nauyin ya rarrabu kar jirgin ya nutse a ƙasa mai laushi. Jelar kuma an ɗaga ta sama kaman harafin T dan ta kauce wa iskar injin da ta fiffike, kuma ta bar bayan jirgin a buɗe, ƙofar baya ta sauko ta zama gada, a loda a ƙasa ko a buɗe ta a sama a turo kaya da laima. Duk wannan ba sabon abu ba ne, C-130 tun 1954 ya nuna hanyar fiffike a sama da gada a baya, C-17 na Amurka da Il-76 na Rasha duk haka suke har da jelar T. Aiki iri ɗaya shi ke sa jirage su yi kama.

To sai maganar injin. Barazil ƙasa ce mai faɗin gaske, ta ninka Najeriya wajen sau tara, masana'antu da manyan sansanoni suna kudu, dajin Amazon da iyakoki suna can arewa, dan haka yawancin ranakun jirgin lodi a can ba saukar gaggawa a daji ba ne, doguwar tafiya ce daga titin kwalta zuwa titin kwalta. A irin wannan tafiya gudu kuɗi ne. C-390 yana tafiya wajen kilomita 870 a awa, C-130H wajen 540, sabon C-130J ɗari shida da wani abu. Ɗauki Legas zuwa Maiduguri, kusan kilomita 1,200 ne a miƙe, a lissafin kai tsaye C-390 zai yi awa ɗaya da minti ashirin da ɗoriya C-130H kuma awa biyu da kusan kwata, to ka ninka wannan a sawu uku ko huɗu a rana ka ga yadda jirgi ɗaya da matuƙa ɗaya za su yi aikin da da sai an tada jirgi biyu. Sannan yana hawa har ƙafa 36,000, can inda jiragen fasinja ke bi, sama da yawancin hadari da gargadar iska, wanda duk ya taɓa shiga jirgi mai farfela a watan Agusta ya san me nake nufi, kuma in mara lafiya ne kwance a gado da ƙarin ruwa a hannu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ni a matsayina na mai gyara, abin da ya fi burge ni ba gudun ba ne, irin injin da suka zaɓa ne. Ba su ce a ƙera musu sabon injin na musamman ba. Sun je sun ɗauko V2500, injin da ke kan jiragen fasinja na Airbus A320 tun ƙarshen shekarun 1980, aka ɗan gyara shi aka kira shi V2500-E5, kowanne yana ba da turi wajen fam 31,000. An ƙera irin injin nan dubbai, ya yi shekaru yana tashi kullum, duk wata cuta tasa an san ta an rubuta ta a littafi, akwai wuraren gyaransa a ƙasashe da yawa, akwai makanikai da suka tsufa a kansa. Ka tambayi direban Zariya zuwa Kaduna me ya sa ya nace wa Golf ko Sharon, ba zai ce maka sun fi kowace mota kyau ba, zai ce maka duk inda ta tsaya akwai mai gyara kuma akwai kayanta a Sabon Gari. Wallahi lissafin ɗaya ne. Jirgin da ke kwance a hanga yana jiran wani ƙarfe daga ƙasar waje wata shida, ko tan ɗari yake ɗauka a takarda bai ɗauki ko buhu ɗaya ba, kuma na ga irin wannan zaman jiran da idona, yana ci mini rai har yau. Turawa da suka yi jirgin lodi A400M sun bi ɗaya hanyar, suka ƙera sabon injin mai farfela mai ƙarfin gaske dan jirgin kaɗai, jirgi ne mai kyau yana ɗaukan tan 37, amma sun sha jinkiri da matsalar giyabos kafin abin ya daidaita. Haka na'urorin gaban matuƙi na C-390, tsarin Pro Line Fusion ne na Rockwell Collins wanda dama ana amfani da shi a jiragen farar hula.

Kar ka ɗauka kyauta aka samu fa, kowane zaɓi da kuɗinsa. Farfela tana da abubuwan da jet ba zai taɓa ƙwace mata ba. A ƙasa-ƙasa da tafiyar sannu ta fi tattalin mai. Iskar da take korawa tana bi ta saman fiffike ta ƙara masa ɗagawa tun jirgin bai yi gudu ba, shi ya sa C-130 ke tashi a ɗan guntun fili. Kuma da yake kullum a juye take, ganyen kawai ake karkatawa, matuƙi na tura hannu ƙarfi ya zo nan take, shi kuwa jet sai ya ɗau 'yan daƙiƙu kafin ya ɗauki wuta, kuma a wajen sauka a gajeren fili daƙiƙa biyu ma magana ce. Injiniyoyin Embraer sai da suka nemo wannan a wani wajen. Fiffiken an ɗan karkatar da shi baya dan gudu, amma an cika shi da faranta masu zamewa a gaba da baya waɗanda in an fito da su fiffiken ya ƙara faɗi da lanƙwasa ya riƙe iska a tafiyar sannu. Ka tuna jirgin nan ana so ya ba jirgin yaƙi mai a sama kuma ya ba jirgi mai saukar ungulu, wanda dole ka rage gudu zuwa wajen kilomita 220 a awa kafin ya iya bin ka, wato fiffike ɗaya ya yi 870 ya kuma yi 220 da nauyi a ciki, wannan shi ne wajen da aka sha wuya a zanen. Abin da ya taimaka shi ne tuƙin jirgin gaba ɗaya ta waya da kwamfuta yake, babu kebul ɗin ƙarfe daga hannun matuƙi zuwa jela, matuƙi yana motsa 'yar sanda a gefensa kwamfuta ta lissafa ta motsa abin da ya kamata, ta hana shi wuce iyakar da jirgin zai iya, kuma lokacin da aka turo kaya mai nauyi ta baya nauyin jirgi ya gudu baya gaba ɗaya sannan ya dawo, kwamfutar ce ke danne shi kafin hancin ya ɗaga.

Maganar tsakuwa kuma tsoronka yana kan hanya. Injin jet in yana aiki da ƙarfi jirgi na tsaye ko yana tafiya a hankali, yakan tada wata 'yar guguwa daga ƙasa zuwa bakinsa, in akwai ruwa a ƙasa har da ido za ka gan ta, ita ke ɗauko tsakuwa. Maganin farko nisa daga ƙasa, kuma tunda fiffiken a sama yake injin ɗin ya yi nesa da ƙasa fiye da yadda yake a jikin A320, an kuma turo shi gaba yadda abin da manyan tayoyi suka watsa ba zai same shi ba. Magani na biyu hannun matuƙi ne, ba ka ba shi cikakkiyar wuta kana tsaye cak a kan tsakuwa, kuma in ka juya iskar injin gaba dan birki bayan sauka sai ka maida kafin gudun ya ragu sosai dan kar ka tada ƙura ka shaƙe ta da kanka. An gwada shi a filayen da ba kwalta kuma an amince masa. Sannan kar a manta ita ma farfela tsakuwa na cin ta, na sha zama ina goge tabon da dutse ya yi wa ganye. Abin da ya fi tsakuwa muhimmanci ma shi ne ƙarfin ƙasar, jar ƙasar da za ta ɗauki tan 80 a watan Janairu ita ce za ta riƙe maka taya a watan Agusta, shi ya sa kafin a sauke babban jirgi a irin wannan fili sai an tura masu gwajin ƙasa sun soka sanda sun auna. In filin ya yi gajarta ƙwarai ko ya yi laushi ƙwarai, gaskiya har gobe mai farfela zan tura.

Na san za ka ce to injin biyu da huɗu fa, ba huɗu ya fi aminci ba. A zamanin da aka zana C-130 haka ne, injina ba su da ƙarfi kuma suna yawan mutuwa. Yanzu duk babban jirgi mai injin biyu sai an tabbatar zai iya ci gaba da tashi ya hau sama da guda ɗaya in ɗayan ya mutu a mafi munin lokaci. Kuma mu nan yankin ba mu manta 26 ga Satumban 1992 ba, ranar da C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan da tashi daga Legas, sama da mutum 150 suka rasu, da yawansu hafsoshi ne masu kwas a Jaji nan kusa da mu, rahotanni suka ce injina uku ne suka mutu a cikin huɗun. Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu. Tun daga nan ba na ƙirga aminci da yawan injin, ina ƙirga shi da tsabtar mai da takardun gyara da awon lodi.

Shi ma C-390 bai zo da sauƙi ba. An fito da shi bainar jama'a a watan Oktoban 2014 a Gavião Peixoto cikin jihar São Paulo, ya fara tashi ranar 3 ga Fabrairun 2015, sai tattalin arzikin Barazil ya shiga matsi kuɗin gwamnati ya yi ta jinkiri aka ɗaga lokacin miƙa shi. A Oktoban 2017 jirgin gwaji na farko ya sulluɓo ƙasa sosai ana cikin gwajin tafiyar sannu kafin matuƙan su ƙwato shi, a Mayun 2018 kuma shi ɗin dai ya zarce titi ya lalace ana gwaji a ƙasa, ba a rasa rai ba. Ni ban ɗauki wannan abin kunya ba, dan haka ake gwaji, a kai jirgi bakin iyakarsa da mutum kaɗan a ciki kafin a zuba masa soja 80. Hukumar jiragen farar hula ta Barazil ta ba shi takardar amincewa a Oktoban 2018, aka miƙa na farko ga sojan sama a Satumban 2019 a sansanin Anápolis, a Nuwamba na shekarar a bikin jirage na Dubai aka sa masa suna C-390 Millennium, wanda aka sa wa kayan ba da mai a sama shi ne KC-390. Barazil ta yi odar 28 a 2014 daga baya ta rage zuwa 19 sabida kuɗi, haɗin gwiwar da aka shirya da Boeing dan tallata shi ma ya rushe a 2020. Duk da haka Fotugal ta saya, Hangari ta saya, Holan da Ostiriya da Koriya ta Kudu da Jamhuriyar Cek da Siwidin duk sun zaɓe shi, kuma tun farko Embraer sun yi wayo sun raba aikin, wasu sassan jikin a Fotugal ake yi, wasu a Cek, wasu a Ajantina, wanda yake ƙera maka ƙofa kuwa ba wuya ya zama mai saye. Ya kai agaji Bairut bayan fashewar tashar ruwa a 2020, ya yi jigilar iskar oksijin zuwa birnin Manaus na Barazil lokacin korona a 2021. Ba su kaɗai suka bi hanyar injin jet biyu ba, Japan ma sun yi Kawasaki C-2 wanda ya fi shi girma, su ma injin jirgin fasinja suka ɗora masa.

To Najeriya fa. A ganina yawancin aikin da C-130 ɗinmu suka yi tun da aka kawo su a tsakiyar shekarun 1970, jigilar soja zuwa Laberiya da Saliyo zamanin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, kai kaya Maiduguri, kayan zaɓe, kayan agaji, daga filin kwalta ne zuwa filin kwalta, kuma a irin wannan C-390 zai yi har ya yi saura. Embraer ma ba baƙo ba ne a nan, jiragen yaƙin Super Tucano 12 da aka kawo a 2021 zanensu ne, kuma akwai jiragen fasinjansu da ke tashi a ƙasar nan. Amma da ni za a tambaya kafin a sa hannu, abu na farko da zan ce a kawo mini shi ne jadawalin abin da yake iya ɗauka a zafinmu, dan tan 26 ɗin nan ba a kowane yanayi ba ne, da cikakken lodin tafiyarsa wajen kilomita 2,000 ce, kuma da azahar ɗin watan Afrilu a Maiduguri ko Sakkwato iska ta yi zafi ta yi shara-shara, injin ya rage ƙarfi fiffike ya rage riƙo, dole ka rage kaya ko mai ko ka jira asuba. Na biyu hazon hunturu, ƙurar nan mai laushi da ke shiga ko'ina tana cinye ganyen da ke matse iska a cikin injin tana toshe ƙananan ramukan da ke sanyaya tobin, dan haka a rubuta a kwangila sau nawa za a wanke injin, sau nawa za a leƙa cikinsa da kyamara, kuma kayan yin hakan su zauna a hangarmu ba a wata ƙasa ba. Na uku mutane, jirgin da kwamfuta ke tuƙa shi yana son mai gyaran da ya iya karanta abin da kwamfutar ke faɗa kaman yadda ya iya riƙe sifana, kuma irin wannan mutumin shekaru ake yi ana gina shi, ga Aviation a nan Zariya ga AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama, a Kaduna, a tura yaranmu su zauna a masana'antar tun ana haɗa jirgin su dawo tare da shi. Kuma ko an saya ba zan yarda a watsar da masu farfela ba, ƙananan filaye irin na garuruwan kan iyaka su za su ci gaba da zuwa, babban ya sauke a Maiduguri ko Yola ƙanana su rarraba.